Yadda Saiwar Shinkafa Ke Kare Kanta Daga Ƙarafa Masu Guba

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, yankin Kura, Bunkure da Garun Malam ya zama cibiyar noman shinkafa a Jihar Kano, kuma a irin wannan ƙasa da ake nomawa rani da damina, abin da ya shiga gona yakan daɗe a cikinta. Daga cikin irin waɗannan abubuwa akwai ƙarafa masu guba, wato sinadaran da ba sa ruɓewa, kamar kadmiyam da ke zuwa tare da wasu nau'o'in takin zamani, da kuromiyam da ke fitowa daga masana'antun jima irin na Challawa da Sharaɗa.

Garkuwar farko da shinkafa ke da ita a kan wannan guba ita ce jar tsatsar da ake gani a jikin saiwa, wadda ke samuwa saboda iskar da saiwar ke fitarwa cikin taɓo, kuma tana riƙe wani kaso na gubar tun daga waje. Abin da ya wuce ta sai ya ci karo da bangon ƙwayar halitta, wato ƙaramin ɗakin da aka gina jikin tsiro da shi. Sai dai wasu ƙarafan suna shiga ta ƙofofin abinci, domin kadmiyam yana bin ƙofar manganis, asinik kuma yana bin ta silikon. Idan gubar ta shiga, ƙwayar takan samar da wasu sinadarai masu sulfa da ke ɗaure ta, sannan ta tura ta cikin wata jaka mai kama da rumbu ta kulle. Idan ta fi ƙarfin rumbun, saiwa takan tsumbure, sauran gubar kuma ta hau kara har ta kai ga tsaba.

Wannan ne ya faru a Toyama ta ƙasar Jafan, inda shinkafa mai kadmiyam ta lalata ƙoda da ƙasusuwan mutane, har gwamnati ta amince da musabbabin cutar a 1968. Ruwan da ke kwance a gona yana rage shigar kadmiyam amma yana ƙara ta asinik, saboda haka tsarin ban-ruwa ya dogara ga abin da awo ya nuna. Ya kamata hukumar raya kogunan Hadeja-Jama'are da ƙungiyoyin manoma su riƙa auna ƙasa da ruwa, domin gona tana iya yin kore shar alhali tsabarta tana ɗauke da guba.