Abin da ya kamata ku sani game da tsoffin duwatsu masu aman wuta na ƙasar Kano

Idan aka ambaci dutse mai aman wuta, hankali yakan tafi ƙasashen bakin teku. A Limbe ta Kamaru rairayin gaɓar teku baƙi ne wuluk, domin daga dutsen Kamaru ya fito, wanda ko a 1999 sai da ya yi aman da ya gangaro har kan titin da ke bin gaɓar. A Ireland ta Arewa akwai Giant's Causeway, ginshiƙan dutse kusan 40,000 da suka samu lokacin da narkakken dutse ya huce ya tsattsage, kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1986, kuma jama'a na tururuwa zuwa kallonsa.

Mu ba mu da teku. Mutumin Bichi ko Dambatta ko Minjibir idan ya ɗaga ido, gona yake gani tana bin gona, gero da dawa da gyaɗa, ga gawo da ɗorawa da kuka jefi-jefi, ƙasa shimfiɗe har iyakar gani. Amma wutar ƙarƙashin ƙasa ta yi aiki a yankin nan ma, tun kafin ta yi a waɗancan wurare. Sai dai ba kowane tsauni ne aikinta ba, kuma a nan ake yawan ruɗewa.

Mu fara da Dala da Goron Dutse. Ba su taɓa aman wuta ba. Ragowar wani tsohon doron ƙasa ne da ruwa ya zaizaye, ya bar inda marmara mai tauri ta rufe kai ta hana shi ci. Marmarar nan tana ɗauke da tama, ita ce kuma ta jawo maƙera. Binciken masana ya nuna ana narka ƙarfe a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7, tarihin baka kuma yana danganta farkon zama a wurin da Abagayawa, maƙeran da suka zo daga Gaya.

A ƙarƙashin gonakin arewacin Kano kuwa akwai wani dutse da ya girmi komai a nan. Shi ne ƙashin bayan ƙasar, yawancinsa giranit da danginsa, irin wanda ake farfasawa a zuba a kankare. Ya daskare can cikin ƙasa kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, lokacin da manyan ɓangarorin ƙasa suka yi karo. Narkakke ne a asali, amma bai fito waje ya yi amai ba. Inda zaizaya ta tone shi, sai ka ga falale ko curin duwatsu sun ɗare kan juna, ko kuma tsauni guda sumul kamar Kufena a Zariya. Jerin tsaunukan Kazaure kuma wani dutse ne mai yawan ƙanƙara wanda zafi da matsi suka gasa, taurinsa ya sa ya tsaya yayin da na kewaye ya cinye.

Masu aman wuta na ainihi sun zo daga baya. Akwai wani jeri nasu da ya taso daga Azbin a Nijar, ya bi ta Damagaram da Muniyo, ya shigo ta wajen Daura, ya wuce Dutse, Birnin Kudu, Shira, Ningi, Riruwai da Jos, ya tsaya a Afu kusa da kogin Binuwai. Tsawonsa ya haura kilomita 1,000, kuma a Nijeriya kaɗai an ƙirga sama da 50. Abin mamaki shi ne yadda shekarunsu suke bin hanya. Na Azbin sun haura shekaru miliyan 400, na Damagaram wajen miliyan 300, na Dutse wajen miliyan 200, na Jos wajen miliyan 160, na Afu kuwa kimanin miliyan 140. Wato wutar tana mutuwa a arewa tana kamawa a kudu, sannu a hankali.

Ga yadda kowannensu ya samu. Narkakken dutse yakan taru a wani babban rami ƙarƙashin ƙasa, ya huda sama, ya yi ta aman toka da wuta. Idan ramin ya rage kaya, rufinsa sai ya rufta ciki, kamar murfin da ya faɗa tukunya. Ta tsagar da ta kewaye wannan rufi sabon narkakken dutse yake kutsowa ya daskare, shi ya sa idan aka duba taswira ake ganin tsaunukan sun yi zobe. Daga nan ruwa da iska suka yi miliyoyin shekaru suna cin saman, har suka tafi da bakin dutsen baki ɗaya. Abin da muke gani yau saiwarsa ce kawai. Don haka kada wani ya tsorata mutanen Dutse ko Riruwai, wutar ta mutu tun zamanin da babu ɗan Adam a duniya. Masu ƙuruciya a cikin irinsu suna can Kerang da Panyam a Filato da kuma Biu, inda har yanzu ake ganin bakin, wani ma ya zama tafki kamar Tila.

A Jihar Kano, Riruwai da ke Ƙaramar Hukumar Doguwa ita ce misali mafi kyau. Tsaunukanta sun haura mita 1,000 daga doron teku, su ne mafi tsayi a jihar, kuma a cikin zoben har yanzu akwai daskararriyar tokar aman. Lokacin da giranit ɗin wurin yake hucewa, ruwa mai tsananin zafi ya bi tsagoginsa ya ajiye kuza da wasu ma'adinai. Mutanen Riruwai sun san haka tun kafin zuwan Turawa. Suna wanke kuza a rafi, su narka, su zuba ta siri-siri, fatake su kai kasuwanni. Daga baya aka haƙa rami mai zurfi don bin jijiyar ma'adinin, aikin da ya tsaya a shekarun 1980 da farashin kuza ya faɗi a duniya.

To me ya haɗa manomin Makoɗa ko Tsanyawa da wannan duka? Abu biyu, ƙasa da ruwa. A Kamaru da Filato ƙasar da ta fito daga sabon aman wuta tana da ƙarfi da kanta. Tamu ba haka take ba. Yawancin abin da garma ke juyawa a arewacin Kano rairayi ne da ƙura da iska ta kwaso ta shimfiɗa kan tsohon dutse a zamanin da hamada ta matso kudu, hunturu kuma yana ƙara ɗan kaɗan duk shekara. Ƙasa ce mai sauƙin noma amma mai saurin gajiya. Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa abin da ya riƙe ta ana noma ta kowace damina shi ne takin dabbobi, da shara da toka da jakuna ke ɗaukowa daga birni a mangala, da haɗa hatsi da wake a gona ɗaya. Albarkar gonakin nan gumin mutane ne, ba kyautar dutse ba.

Batun ruwa ya fi ciwo. Giranit ba ya shan ruwa, sai a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsagoginsa ruwa ke kwanciya. Shi ya sa za a haƙa burtsatse a nan a samu, a matsa kaɗan a ci karo da busasshen dutse, kuɗi su tafi a banza. Duk wanda zai haƙa, ya fara biyan masu awon ƙasa kafin ya biya mai inji. Idan aka nausa gabas zuwa Haɗeja dutsen yana nutsewa ƙarƙashin yashin kwarin Chadi, ruwa ya fi samuwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa Kano ta dogara da madatsu tun zamanin Audu Bako: Tiga, Bagauda, Watari a Bagwai, Tomas a wajen Dambatta, da Jakara.

Wuraren kallo kuwa muna da su. A Birnin Kudu, cikin kogunan Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu na mutanen da, da duwatsun da ake bugawa su yi ƙara kamar ƙararrawa, waɗanda wani masani, Bernard Fagg, ya bayyana wa duniya a shekarun 1950. Hanyar Riruwai ta ratsa dajin Falgore, can kuma ga ruwan Zainabi yana zubowa daga tsauni. Abin da ya yi ƙaranci shi ne bayani. Mutum zai hau dutse ya ɗauki hoto ya sauko bai san kan me ya tsaya ba, a gefe guda kuma nakiyar masu fasa dutse tana cin wasu tsaunukan, tifa na kwashewa. Gini na bukatar tsakuwa, ba mai musu, amma ya kamata hukumomin Kano da Jigawa su ware waɗanda ba za a taɓa ba, su kafa alluna da Hausa, su horar da matasan garuruwan su riƙa yi wa baƙi jagora. Malaman makarantu kuma, idan za a fita da ɗalibai rangadi a bana, a sa Birnin Kudu ko Riruwai a cikin jerin.