Taswirar Fadama da Yaƙi da Sauro a Gaɓar Tekun Amurka

A gaɓar tekun Atlantika ta ƙasar Amurka, tun daga jihar Maine a arewa har zuwa Florida a kudu, akwai waɗansu fadamu masu faɗi waɗanda ruwan gishiri ke shiga in teku ya ciko, ya fita in ya janye. Nan ce mahaifar wani irin sauro mai zafin cizo, wanda masana ke kira Aedes sollicitans, da ɗan'uwansa na kudu, Aedes taeniorhynchus. Ba su ne ke kawo zazzaɓin cizon sauro ba, amma sukan tashi rututu, su yi tafiyar mil 10 ko fiye, su hana mutane da dabbobi sakat. Ana kuma zargin na arewan da yaɗa wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa, wadda ta kashe fiye da mutum 20 a jihar New Jersey a 1959. Saboda haka ba don jin daɗi kaɗai aka ɗaura yaƙi da shi ba. Abin dubawa shi ne yadda aka daɗe ana yaƙin ba tare da an san ainihin wurin da abokin gāba yake ba.

Sai an san halin wannan sauro kafin a gane amfanin taswira. Macen ba ta yin ƙwai a kan ruwa kamar yadda sauron zazzaɓi ke yi, sai a kan danshin ƙasa. Ƙwan ya zauna nan yana jira, har ran da ruwan sama ko babbar cikowar teku ta rufe wurin, sa'an nan ya ƙyanƙyashe, cikin kamar mako guda tsutsar ta zama sauro. To, fadamar kashi biyu ce. Akwai kwari, inda teku ke shiga sau biyu kowace rana, yana tafe da ƙananan kifaye masu cin tsutsa. Nan sauro ba shi da rabo. Akwai kuma tudu, inda ruwa ba ya kaiwa sai 'yan kwanaki a wata, lokacin tsayuwar wata da cikarsa. In ya janye yakan bar 'yan kududdufai waɗanda kifi ba ya iya zama ciki, su ne gidan sauro. Bambancin tsawo tsakanin kwarin da tudun sau da yawa bai wuce 'yan inci ba.

Tun a 1904 wani malamin ilmin ƙwari na New Jersey, John B. Smith, ya buga babban rahoto a kan sauron jihar, a 1912 kuwa aka yi dokar kafa hukumomin yaƙi da sauro a gundumominta. Amma babban aikin bai zo ba sai bayan 1930, lokacin da tattalin arziki ya karye, gwamnati ta rasa yadda za ta yi da dubban marasa aiki. Aka ba su shebur, aka tura su fadama su haƙa lambatu, miƙaƙƙu jere da juna, tudu da kwari duka, domin ruwa ya tsiyaye. Ya zuwa 1938 an tsattsage kimanin kashi 90 cikin 100 na fadamun gishiri tsakanin Maine da Virginia. Ma'aunin aikin shi ne tsawon ramin da aka haƙa da yawan mutanen da aka biya. Da Warren Bourn da Clarence Cottam na hukumar kifi da namun daji suka bi sawun abin a jihar Delaware, rahotonsu na 1950 ya nuna ƙasa ta bushe, ciyawar asali ta ja da baya, ƙaguwa da katantanwa sun ragu ƙwarai, watau abincin tsuntsayen ruwa ya tafi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka koma ga feshin DDT daga jirgin sama. Cikin 'yan shekaru sauron Florida ya daina jin maganin, sai aka sake dabara. Tun da macen ba ta ƙwai sai a kan taɓo, aka ce bari a hana ta ganin taɓon: aka gina ganuwar ƙasa kewaye da fadama, aka cika ta da ruwa, aka bar shi kwance. Kafin a kai tsakiyar shekarun 1970 an kewaye fiye da eka 40,000 a gefen tafkin Indian River. Lalle sauro ya ragu. Sai dai ganuwar ta raba fadamar da tafkin, kifaye suka rasa wurin renon 'ya'yansu, ciyawa ta nutse ta ruɓe.

A tsibirin Merritt, kusa da inda ake harba kumbo, akwai wani ɗan tsuntsu mai duhun launi, dangin gwara, wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai nan da fadamun kogin St. Johns da ke maƙwabtaka. Yakan yi sheƙarsa ƙasa-ƙasa cikin ciyawa. Feshi ya fara rage shi, cikar ruwa ta ƙarasa na tsibirin. Na bakin kogin, waɗanda aka ƙiyasta mazansu sun kusa 900 a 1968, ba yaƙin sauro ya ci su ba: tsiyayar da fadama domin gine-gine da kiwo, da sabuwar babbar hanya, da gobarar daji ne suka gama da su. A 1980 saura 6 aka sani, dukansu maza. Na ƙarshe ya mutu a keji ran 17 ga Yuni 1987, a 1990 aka bayyana irin ya ƙare. Ba a jahilci wurin zamansa ba, gama an san shi tun 1872; masu yaƙi da sauro da masu lura da tsuntsaye ne ba su taɓa shimfiɗa abin da suka sani a kan takarda ɗaya ba sai da lokaci ya ƙure.

Gyara ya fito daga New Jersey. A 1968 Fred Ferrigno na sashen kifi da namun daji, da Daniel Jobbins na Jami'ar Rutgers, suka bayyana wata hanya wadda tushenta shi ne kada a taɓa ko'ina sai inda aka tabbatar sauro na haihuwa. Ma'aikaci yakan bi tudun da ludayi mai doguwar ƙota, ya ɗebi ruwa ya ƙirga tsutsa, ya maimaita bayan kowace cikowa, ya sa alama a taswira. Ciyawa ma takan taimaka, domin irin da ke fitowa a tudu dabam take da ta kwari, ana rarrabe su a hoton da aka ɗauka daga jirgin sama. Inda alamun suka taru sai a haƙa ɗan tafki mai zurfin da kifi zai rayu ko ruwa ya ja, a fid da 'yan hanyoyi daga gare shi zuwa kududdufan. Kifi ya yi aikin da dā guba ke yi, sauran fadamar kuwa a ƙyale ta. A Florida aka huda ganuwoyin aka sa kwalbati, ana rufewa a cika ruwa kaɗan cikin watannin zafi, lokacin haihuwar sauro, a buɗe sauran shekara.

Taswirar da ake aiki da ita yanzu hawa-hawa ce. A ƙasa akwai iyakar fadamar da irinta, wadda hukumar kifi da namun daji ta fara tsarawa ga ƙasar duka a shekarun 1970. Bisa wannan a ɗora tsawon ƙasa, wanda ake aunawa da hasken leza daga jirgi, sa'an nan wuraren tsutsa, sa'an nan sheƙunan tsuntsaye da watannin da suke kwanci. Wannan hawa na ƙarshe shi ne ya fi wuyar yi, shi ne kuma ya fi jawo gardama, domin tudun da sauro ke so shi ne tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa ke so, saboda dalili ɗaya: ruwa ba ya yawan kaiwa. A cikinsu har da wata ƙanƙanuwar baƙar kazar ruwa wadda aka sa cikin jerin masu fuskantar barazana a 2020. Taswira ba ta raba wannan gardama, amma takan rage ta daga fadama duka zuwa 'yan eka da 'yan makonni, inda za a iya cewa kada injin haƙa ya shiga nan sai bayan ƙyanƙyasa, kada jirgin feshi ya sauko kan wancan kurmi.

Wani zai ce tun da an sami maganin da ba ya cutar kifi ko tsuntsu, wace bukata ke akwai ga wannan wahala? Ana nufin Bti, wata ƙwayar halitta da aka gano a hamadar Negev a 1976, mai kashe tsutsar sauro da ta 'yan danginsa. Amsar ta zo daga fadamun Camargue a kudancin Faransa, inda aka fara zuba ta a 2006. Binciken Brigitte Poulin da abokan aikinta na 2010 ya nuna wani tsuntsu dangin tsattsewa ya rage yawan 'ya'yan da yake fiddawa a wuraren da aka zuba, ba don guba ba, sai don abincinsa ya ragu.

Wahalar da ta fi damun masu taswira a yau ita ce teku na ƙara hawa. Wurin da yake tudu shekara 30 da suka wuce ya fara zama kwari, gidan sauro da na tsuntsu duka suna matsawa wajen gari, inda hanyoyi da gidaje suka tare su. Dole a riƙa sake awo bayan 'yan shekaru, mai ludayi kuma ya koma cikin taɓo ya duba ko abin da hoto ya nuna haka yake.