Karatun Rubutun Halitta Da Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa: Aikin Da Ke Jiran Jami'o'inmu

A farkon shekarar 2018 zazzaɓin Lassa ya ɓarke a Nijeriya fiye da yadda aka saba gani, har aka shiga fargabar ko ƙwayar cutar ta sake kama, ta fara saurin yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Masana na Jami'ar Redeemer's da ke Ede a Jihar Osun, tare da asibitin koyarwa na Irrua a Jihar Edo da abokan aikinsu na ƙasashen waje, suka kwatanta rubutun gadon ƙwayoyin da aka samu a jinin majinyata. Da a ce mutane ne ke shafa wa juna, da an tarar ƙwayoyin kusan iri ɗaya ne. Sai aka ga sun sha bamban, watau akasarin majinyatan daga ɓeraye suka ɗauka. Da haka hukuma ta san inda za ta fi mai da ƙarfinta.

Fannin da ya ba da wannan amsa shi ne wanda Turawa ke kira bayo'infomatik, watau yin amfani da na'ura mai ƙwaƙwalwa, ko kwamfuta, wajen nazarin bayanan halittu. Masana biyu na ƙasar Holan, Paulien Hogeweg da Ben Hesper, su ne suka raɗa sunan a 1970.

Dalilin bukatar na'urar a fili yake. Duk abin da mutum ya gada daga iyayensa a rubuce yake cikin ƙwayoyin jikinsa da haruffa huɗu kacal, A da C da G da T, amma jerinsu ya kai wajen miliyan 3,000. Wanda zai karanta harafi ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya shafe fiye da shekara 90 kafin ya kai ƙarshe. Alhali kuwa canjin harafi guda, inda T ya maye gurbin A, shi ne asalin amosanin jini, cutar da Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita. Aikin karanta jerin na ɗan Adam, wanda aka soma a 1990, sai a 2003 aka bayyana kammala shi. Tun daga nan injunan karatun suka yi ta ƙara sauri da araha, har bayanai suka fi ƙarfin masu fassara su.

To, a nan ne batun jami'a ya shigo. Inji dai da kuɗi ake sayensa, a kafa shi cikin 'yan makonni, amma mai fassara abin da ya fitar sai an yi shekaru ana horar da shi. Ana son ɗalibin wannan fanni ya haɗa ilmin halittu da lissafin ƙididdiga da kuma iya rubuta wa kwamfuta umarni, galibi da harsunan Python da R. Sau da yawa kuwa wanda ya zaɓi nazarin halittu ya yi sallama da lissafi tun shekararsa ta farko, shi kuma na sashen kwamfuta bai taɓa leƙa ɗakin gwaji ba. Saboda haka ne jami'o'i da dama suka fi koyar da fannin a matakin digiri na biyu, inda kowane ɓangare ke cike giɓinsa.

Afirka ba a bar ta a baya ba. Afirka ta Kudu ta kafa cibiyar wannan ilmi a Jami'ar Western Cape a 1996. A 2012 aka kafa haɗin gwiwar H3ABioNet ƙarƙashin Shaihiyar Malama Nicola Mulder ta Jami'ar Cape Town, wanda daga 2016 ya riƙa koyar da darussan share fage ta intanet, ɗalibai na taruwa a azuzuwa a ƙasashe daban-daban. An kuma ga amfanin irin wannan shiri a watan Maris na 2020, yayin da cibiyar Ede ta Shaihun Malami Christian Happi ta shige gaba wajen karanta rubutun ƙwayar korona karon farko a nahiyar.

Manoma ma suna da rabo. An fitar da rubutun gadon gero a 2017, na wake kuma a 2019, bayanan suna nan a rumbunan intanet kyauta ga mai iya karanta su. Da su masu kyautata iri ke gane tsiron da zai jure fari ko ƙwari tun yana ƙarami.

Abin da ya rage shi ne hukumomin jami'o'i su buɗe ƙofa tsakanin sassan halittu da lissafi da kwamfuta, su tanadi wutar lantarki da intanet masu ɗorewa, hukumomin ba da tallafin karatu na jihohi kuma su sa fannin cikin waɗanda suke fifitawa. Ɗalibin halittu shi ma kada ya ɗauki lissafi abokin gaba. Ƙasar da ba ta da masananta, dole ta aika da jinin majinyatanta waje ta zauna jiran amsa, annoba kuwa ba ta jira. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.