Kilomita 240 a awa: me ke sa mutane biyan kuɗi don su ji tsoro?

Kafin jirgin ya tashi, sai ma'aikata su miƙa wa kowa tabarau irin na masu dira daga jirgin sama da lema. Ba don ado ba ne. A irin gudun da za a yi, ƙwayar rairayi ɗaya ko ƙwaro na iya raunata ido. Daga nan sai a sauko da ƙarfen da ke danne cinya, a bi kujera-kujera a tabbatar ya kulle, sannan wuri ya yi tsit. Cikin ƙasa da daƙiƙa 5, jirgin da ke tsaye cik ya kai gudun kilomita 240 a awa.

Wannan shi ne Formula Rossa, jirgin lilon da ke filin wasanni na Ferrari World a tsibirin Yas na Abu Dhabi, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. An buɗe shi a 2010, kuma ya shafe shekaru yana riƙe da kambun gudu a duniya. Da mota za ta iya riƙe wannan gudun, da tafiyar Yamai zuwa Maraɗi ba ta kai awa 3 ba. A ƙarshen 2025 Saudiyya ta buɗe Falcons Flight a Qiddiya, kusa da Riyad, mai gudun kilomita 250 a awa.

Yawancin matasa a waya suka san irin wannan jirgi, a bidiyon da ke yawo a TikTok da Facebook, inda ake ganin mutane na kururuwa, iska na tamke musu kumatu. Amma ga ƴan ci-rani da ɗalibai da ke zaune a ƙasashen Larabawa, Turai ko Amurka, abu ne da ke kusa da su, kuma wata rana aboki zai ce a je a gwada.

Abin da jiki ke ji

Masu sha'awar wannan wasa sukan raba abin da suke ji gida uku. Na farko shi ne jira. A yawancin jiragen, sarƙa ce ke jan taragu a hankali zuwa ƙololuwa, tana ƙas-ƙas-ƙas, mutanen ƙasa na ƙanƙancewa, kuma babu halin cewa a tsaya a sauka. Da yawa sun fi jin tsoro a nan fiye da lokacin gudun kansa. Zuciya na bugawa da sauri, tafin hannu na gumi, domin jiki ya saki sinadarin adrenalin kamar yadda yake yi idan mutum ya yi kiciɓis da haɗari na gaske.

Na biyu shi ne faɗowa. Idan jirgin ya ƙetare tudu da gudu, mutum kan ɗan tashi daga kujerarsa, ya ji kamar hanjinsa ya hau ƙirji. Duk wanda mota ta taɓa tsallake tudu da shi a guje ya ɗanɗani kaɗan daga ciki. Wannan ɗan lokaci da jiki ke rasa nauyinsa shi ne abin da ƙwararrun mahaya suka fi nema, shi ya sa wasunsu ke rububin kujerar baya, inda fizgar ta fi ƙarfi.

Na uku shi ne dannewa. A gindin gangara ko a kwana mai tsanani, nauyin jiki na ninkuwa. A Formula Rossa yana kaiwa ninki 4.8, wato mai kilo 70 zai ji kamar ya haura kilo 330, fiye da buhu uku na hatsi, na ɗan lokaci kaɗan. Ɗaga hannu ma sai ya zama aiki. Bayan kamar minti ɗaya da rabi an gama. Wasu su sauko ƙafa na rawa suna rantsuwar ba su ƙarawa, wasu kuwa su zagaya su sake shiga layi.

Mutumin da ya yi kusan kwana 17 a kai

A cikin waɗanda ke komawa layi, da wuya a sami kamar Richard Rodriguez, ɗan Amurka. A 1977 ya yi kusan awa 104 a kan Cyclone, tsohon jirgin lilo na katako da aka gina a 1927 a Coney Island da ke birnin New York. A 2007 kuma, a filin wasanni na Blackpool a Ingila, ya yi awa 405 da minti 40, abin da ya shiga kundin bajinta na Guinness. A kan kujerar yake cin abinci, a nan yake barci, sai ɗan hutun minti 5 da ake ba shi a kowace awa. A Amurka har ƙungiya masoya wannan wasa suka kafa tun 1978, kuma kowa na lissafin adadin jiragen da ya taɓa hawa.

Asalin wasan daga Rasha ne, inda tun ƙarni na 17 ake gina tudun katako a shafe shi da ƙanƙara, mutane na sulɓiya a kai. Dalili ke nan da Faransawa ke kiransa montagnes russes, wato duwatsun Rasha, alhali su Rashawa duwatsun Amurka suke ce masa. A 1884 LaMarcus Thompson ya buɗe nasa a Coney Island, wanda gudunsa bai wuce kilomita 10 a awa ba.

Me ke hana shi faɗowa?

Yawancin waɗannan jirage ba su da inji a jikinsu. Da zarar sarƙa ta kai su sama, ko na'ura ta harba su kamar yadda ake yi a Abu Dhabi, nauyinsu da ƙarfin gudun da suka tara ne ke ƙarasa sauran aikin. Tayoyinsu kashi uku ne: na saman dogo, na gefe, da na ƙasa waɗanda suka rungume dogon yadda taragu ba zai ɓalle ba ko da ya juya kai ƙasa. An kuma raba hanyar yanki-yanki, kwamfuta ba ta barin jirgi biyu su shiga yanki guda.

Duk da haka ana samun haɗari. Ranar 2 ga watan Yuni na 2015, a filin Alton Towers na Ingila, taragu ɗauke da mutum 16 ya yi karo da wani fanko da ya tsaya a kan hanya. Kwamfuta ta riga ta tsayar da jirgin, amma ma'aikata suka ɗauka kuskure ne, suka sake shi. Ƴan mata biyu sun rasa ƙafa ɗaya kowacce, kuma kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5 a 2016. A Japan ma an dakatar da jirgin Do-Dodonpa a 2021 bayan wasu mahaya sun samu karaya, daga baya aka rufe shi baki ɗaya.

Saboda haka allon gargaɗin da ke bakin ƙofa ba na ƙawa ba ne. Ana hana mai juna biyu, mai ciwon zuciya ko hawan jini, mai ciwon baya ko wuya, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan. Yara kuwa tsawonsu ake aunawa, ba shekaru ba, domin ƙarfen kujera ba ya riƙe ƙaramin jiki yadda ya kamata. Hula, ɗankwali, makulli da waya duk ajiye su ake yi, don wayar da ta kuɓuce a irin wannan gudu tamkar jifa ce ga na baya.

Matsalar ita ce hawan jini kan daɗe a jikin mutum bai sani ba, kuma ma'aikacin da ke bakin ƙofa ba ya aunawa. Wanda bai san matsayinsa ba, gara ya fara biyawa ta asibiti kafin ya sayi tikiti. Wanda kuma abokai suka matsa wa alhali zuciyarsa ba ta kwanta ba, babu abin kunya idan ya tsaya a ƙasa ya riƙe musu jakunkuna.