Babi na Bakwai: Rage wa Manhaja Kaya Kafin Ta Shiga Burauza

Burauzar da ke wayarka, Chrome ce ko Firefox, JavaScript take ji, sai WebAssembly da ya shigo a 2017. Wanda ya rubuta manhaja da Java ko Dart dole ya bi ta kwamfaila, wadda ke juya rubutunsa zuwa harshen burauza. Don yin wannan aiki ga masu rubutu da Java, Google ya fitar da GWT a 2006.

A ce wata matashiya a Wusasa ta rubuta wa ƙaramin asibiti manhajar rajistar marasa lafiya. Duk abin da ta rubuta sai ya sauka a wayar ma'aikaciyar jinya, ya ci datar da ta saya da kuɗinta. Shi ya sa kwamfaila ke bin shirin tun daga tushe, ta ga wane sashe ke kiran wane, ta zubar da wanda ba mai kiransa.

A nan dabarar duba-kai ke kawo cikas. A Java, shiri kan iya tambayar kansa yana cikin aiki: ina sashe mai suna kaza, me ke cikinsa? Sunan kuwa wataƙila sai a lokacin zai iso daga sabar intanet. Tunda kwamfaila ba ta san wanda za a nema ba, sai ta ajiye komai, kamar matafiyin da bai san inda za shi ba ya ɗaure kayan ɗakinsa duka.

GWT bai ɗauki cikakkiyar dabarar ba. Ya mayar da tambayar zuwa lokacin juyawa. Daga GWT 1.5 na 2008, mai rubutu kan sa alamomi masu farawa da @ a kan sassan da yake so, wani ƙaramin shiri ya karanta su, ya rubuta amsar tun kafin manhaja ta bar kwamfuta. Dart ma a 2018 ya janye tasa dabarar duba-kai, wato dart:mirrors, daga burauza, aka koma ga alamomi irin @JsonSerializable.

Sharaɗin tsarin shi ne mai rubutu ya faɗi abin da zai buƙata tun da wuri. Ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello ya kamata ya saba da wannan horo, domin yawancin waɗanda zai yi wa aiki ƙananan wayoyi suke riƙe da su, kuma lissafin data suke yi kafin su buɗe shafi.