Rayuwar Ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Azare

Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Azare, hedikwatar masarautar Katagum, tana cikin makarantun haɗin kai, wato sakandaren da aka kafa domin yaran jihohi daban-daban su zauna tare su fahimci juna. Ɗalibin kwana yakan tashi tun asubahi ya yi ibada da shara, sannan ya halarci taron safe, inda shugabannin makaranta ke ba da sanarwar da kan isa kunnen iyaye daga baya. Taron iyaye da malamai kuwa, wanda wasu ke sakaci da shi, can ake tattauna batun ruwan sha, abinci da shirin jarrabawar WAEC da NECO, don haka ya kamata iyaye su riƙa halartarsa.