Gurbin Kati da Darajar Kwamfuta a Kasuwannin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun fi shahara da cinikin hatsi da dabbobi, amma a gefen tashoshin mota da bakin kasuwanninsu akwai rumfunan masu gyaran waya, da masu tura fina-finai da waƙoƙi da karatuttukan malamai, da shagunan buga takardu, waɗanda jarin kowannensu kwamfutar tafi-da-gidanka ce. Akasarin waɗannan kwamfutoci gwanjo ne da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, suka sauka a kasuwar Computer Village ta Ikeja a Legas, suka biyo ta Titin Beirut da Farm Centre a Kano, kafin su iso yankin ta Funtua ko Malumfashi.

Abin da gogaggen mai saye ke dubawa kafin ya taya shi ne gurbin kati, wato ramin da masana'anta ta bari a jikin kwamfuta domin a zura mata ƙarin na'ura ba tare da an canza uwar allonta ba. Tsarin farko da ya yaɗu shi ne na ƙungiyar PCMCIA, wadda aka kafa a 1989, kuma katinsa ya kai faɗin katin banki. A 2003 aka fito da ExpressCard, mai faɗin milimita 34 ko 54, wanda ya fi shi saurin ɗaukar bayanai. Da irin waɗannan katuna ake ƙara wa kwamfuta kafofin USB idan nata sun lalace ko sun yi kaɗan, da su ake haɗa ta da intanet ta waya ko ta iska, da su kuma ake karanta memori. Kwamfutocin ofis irin su Dell Latitude E6420 da HP EliteBook 8470p da Lenovo ThinkPad T420 duk suna da gurbin ExpressCard, shi ya sa har yau masu sana'a ba su juya musu baya ba, duk da sun haura shekara goma.

Akwai kuma guraben ciki, waɗanda sai an kwance murfin ƙasa ake ganinsu: gurbin ram, wato ƙwaƙwalwar aiki da ke riƙe bayanai yayin da kwamfuta ke kunne, da gurbin Mini PCIe ko magajinsa M.2, inda ake dasa katin Wi-Fi, ko katin da ke aiki da layin waya, ko rumbun ajiya mai sauri da ake kira SSD. A nan ciniki ya fi zafi, domin mai shago da kwamfutarsa ta yi nauyi ba ya neman sabuwa, sai dai ya ƙara ram ko ya sauya rumbu da kuɗin da bai kai rabin farashinta ba, mai gyara kuwa yana tara gawarwakin kwamfutoci yana cire katunansu, da yake da tsohuwar zuma ake magani.

Muhimmancin guraben ya ƙara bayyana a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Katin intanet ba shi da amfani inda babu sabis, amma gurbin memori da kafar USB ba sa buƙatar turken sadarwa, don haka ta hanyarsu takardu da hotuna da karatu ke iya wucewa daga hannu zuwa hannu.

Barazanar da ke fuskantar wannan sana'a daga masana'antu take fitowa, domin sababbin kwamfutoci sirara sun yi watsi da ExpressCard, da yawansu kuma an narka musu ram a jikin uwar allo ta yadda ba a ƙarawa ko ragewa. Idan irinsu suka mamaye kasuwar gwanjo, ƙaramar matsala za ta riƙa cinye kwamfuta ɗungurungum, kuma asarar za ta fi faɗawa kan mai rumfa a Sabuwa ko Faskari, wanda sai ya yi tafiya zuwa Funtua ko Kano kafin ya sami madadinta.